Ƙa'idar Faransis na Asisi da Rumbun Mai Bishara

A cikin takardun da ikilisiyar ƙasashen Turai ta bar mana daga zamanin da, kaɗan ne suka kai Ƙa'idar Faransis na Asisi gajarta, kaɗan ne kuma suka kai ta jawo rigima. Babi goma sha biyu ne kawai, mutum yana iya karance ta kafin kununsa ya huce. Paparoma Honoriyus na 3 ya sa mata hatimi a shekara ta 1223. Bayan shekara ɗari cif, a 1323, Paparoma Yohanna na 22 ya yanke hukunci cewa koyarwar da mabiyan Faransis suka gina a kanta karkatacciya ce. A tsakanin nan an rubuta littattafai, an tuɓe shugabanni, har an ƙone mutane da wuta, duk a kan tambaya guda: ya halatta bawan Allah ya mallaki wani abu? Ina so mu karanta wannan Ƙa'ida da idon mai bincike, domin tambayar ba ta mutu ba. Tana tashi a duk lokacin da dattawan wata ikilisiya a ƙauyukan Roni ko Gwiwa suka zauna yanke abin da za a ba mai bishara, sai wani ya gyara murya ya ce ai aikin Ubangiji ba a yin sa don kuɗi.

Ba Faransis ne ya fara wa'adin talauci ba. Tun ƙarni na 6 Benedik na Nursiya ya tsara wa masu zaman zuhudu dokar da ta hana kowannensu ya ce wani abu nasa ne, ko da alƙalami. Amma gidan zuhudun kansa yana iya mallakar gona da garke. Sakamakon haka a fili yake: mutane matalauta a cikin gida mai arziki. Gidan Kuluni da aka kafa a Faransa a 910 ya tara filaye da dukiya har ya zama abin kwatance. Waɗanda abin ya dama suka kafa gidan Sito a 1098 don su koma noma da hannunsu a daji. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba: kafin a jima gidajensu na Ingila sun zama manyan masu sayar da gashin tumaki. Wannan tarihi Faransis ya gada, kuma maganin da ya kawo mai tsanani ne. Ya ce kada mutum ya mallaka, kada ƙungiyar ma ta mallaka.

Shi ɗan attajiri ne, mahaifinsa Biyetro Barnadone mai fataucin yadi ne a garin Asisi na ƙasar Italiya. Wajen 1206 ya tuɓe tufafinsa a gaban bishop na garin ya miƙa wa mahaifinsa, ya yafe gādo. A 1209 Paparoma Inosen na 3 ya amince da baki da irin zaman da yake so ya yi tare da 'yan'uwansa. Ƙa'idar 1223 ita ce ta mayar da wannan zama doka. Babi na 4 ya hana 'yan'uwa karɓar kuɗi, ko da hannunsu ko ta hannun wani. Babi na 5 ya ce su yi aiki, su karɓi lada na abin masarufi amma ban da kuɗi. Babi na 6 ya hana su mallakar gida ko wuri ko wani abu, ya kuma ce su yi bara ba da jin kunya ba, tun da Ubangiji ya mai da kansa matalauci dominmu.

Kafin suka, bari mu ba mutumin haƙƙinsa. Faransis ya rayu a lokacin da kuɗi suka fara mulkin biranen Italiya, ya tashi a shagon yadi, ya san yadda azurfa take juya zuciyar mutum. Ya kuma ga limaman zamaninsa suna neman muƙami domin kuɗin shigar da ke tattare da shi. Bai rubuta littafi don ya zage su ba, sai ya fita ba takalmi ya zauna da kutare. Akwai kuma wata jimla a ƙarshen babi na 2 wadda na fi ƙauna a cikin Ƙa'idar duka, inda ya gargaɗi 'yan'uwa kada su raina ko su hukunta mutanen da suka gani da tufafi masu laushi suna cin daɗi, kowa ya hukunta kansa. Mutumin da ya rubuta wannan ya san cewa girman kai yana iya shiga tsumma kamar yadda yake shiga babbar riga. Idan aka ajiye wannan Ƙa'ida kusa da wa'azin da muke ji a rediyo da wayoyi yau, mai cewa wadata ita ce shaidar bangaskiya, ba shakka Faransis ya fi kusa da 2 Korintiyawa 8:9.

Amma kusanci da aya ɗaya bai isa ba. Rauni na farko yana a wajen fassarar Nassi. Abin da ya tayar da Faransis shi ne umarnin da Yesu ya ba sha biyun a Matiyu 10, sa'ad da ya aike su ba kuɗi ba jaka. Ya ɗauki wannan umarni na tafiya guda ya mai da shi dokar rai duka. Sai dai a Luka 22:35-36 Ubangiji da kansa ya tuna musu da waccan tafiya, sa'an nan ya ce yanzu mai jakar kuɗi ya ɗauke ta. Yohanna 12:6 da 13:29 sun nuna cewa ƙungiyar almajiran tana da jakar kuɗi, ana sayayya daga cikinta, ana kuma ba matalauta. Luka 8:1-3 ya ambaci matan da suke yi musu hidima daga dukiyarsu. Saurayi mai dukiya na Matiyu 19 an ce masa ya sayar da kome, gaskiya ne. Amma Zakka mai karɓar haraji rabi ya bayar, Yesu kuwa ya ce ceto ya sauka a gidansa. Ko a Urushalima, inda masu bi suka haɗa kayansu, Bitrus ya faɗa wa Hananiya a Ayyukan Manzanni 5:4 cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma suna ƙarƙashin ikonsa bayan ya sayar. Laifin Hananiya ƙarya ce. Mabiyan Faransis sun sha wahala ƙwarai da jakar da ke hannun Yahuza, har malamansu suka ce Yesu ya riƙe ta ne don ya sauko zuwa ga raunanan mutane. Duk lokacin da koyarwa ta tilasta wa malami ya nemi uzuri domin abin da Yesu ya yi, to a sake duba koyarwar.

Rauni na biyu ya fi wannan ban tausayi, nan kuma nake so mu ɗan daɗe. Dokar da mutum goma sha biyu suka iya kiyayewa a bukka ta gagari dubbai. Ƙungiyar ta yaɗu, ta shiga jami'o'in Faris da Okusfod, ta bukaci littattafai da ɗakunan karatu da wurin jinyar tsofaffi. Faransis ya hango abin da ke zuwa. Kafin ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1226 ya bar Wasiyya, inda ya hana a yi wa Ƙa'idar sharhi, ya kuma hana 'yan'uwa neman takardun alfarma daga fadar Roma. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1230, Paparoma Giregori na 9, wanda abokinsa ne tun yana kadinal, ya yanke cewa Wasiyyar ba doka ba ce, ya kuma yarda a naɗa wakili wanda zai riƙe kuɗi a madadin masu bayarwa. A 1245 Inosen na 4 ya ce kayan da 'yan'uwa suke amfani da su mallakar kujerar Roma ne. A 1279 Nikolas na 3 ya ƙarasa ginin: 'yan'uwa ba su mallaki kome ba, amfani kawai suke yi. Babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1228 domin ta zama makwancin Faransis, wadda har yau baƙi suke zuwa kallo, ita ma a takarda ba tasu ba ce.

An sayar da kare an sayi biri ke nan. Mutum yana kwana a gida, yana cin abinci, yana karatu a ɗakin littattafai, amma a gaban shari'a matalauci ne domin sunansa ba ya kan takarda. Yohanna na 22 masanin shari'a ne, kuma a 1322 ya yi tambayar da ta rushe ginin: abin da ake cinyewa, kamar gurasa, yaya za a raba amfaninsa da mallakarsa? Idan ka ci tuwo, na wa ne tuwon da ke cikinka? Ya ce kujerar Roma ta daina ɗaukar wannan mallaka ta suna. A shekarar da ta biyo ya hukunta masu cewa Yesu da manzanni ba su mallaki kome ba. Ban ce wannan Paparoma mutumin kirki ba ne a cikin sha'anin, hannunsa bai rabu da jini ba kamar yadda za mu gani, kuma fadarsa a Abinyon ta shahara da tara kuɗi. Shugaban ƙungiyar, Mika'ilu na Cesena, da malamin nan Wiliyam na Okam sun gudu daga Abinyon a 1328 suna kiransa mai bidi'a. Duk da haka a kan batun tuwon, gaskiyarsa ce.

Kada mu yi saurin yi musu dariya, domin laifi tudu ne. Mun san wannan dabara sarai. Motar ba tawa ba ce, ta ikilisiya ce. Gidan ba nawa ba ne, na ofis ne. Shugaba yana iya rantsuwa cewa albashinsa bai taka kara ya karya ba, ya kuma faɗi gaskiya, alhali man motarsa da kuɗin asibitinsa da na makarantar 'ya'yansa duk suna fita ta wata ƙofa. Daga cikin mabiyan Faransis akwai wanda ya ga wannan rami, wato Bitrus Yohanna Olibi, wanda ya rasu a 1298. Ya koyar cewa wa'adin talauci bai tsaya ga rashin mallaka ba, ya haɗa da taƙaita amfani. A ganina wannan ita ce magana mafi amfani da ta fito daga rigimar duka, kuma ba masu bishara na ƙauye ta shafa ba. Mu ta shafa, mu da muke zaune a ofisoshi da makarantun tauhidi.

Yanzu ga batun rumbu. Masu tsanani a cikin ƙungiyar, waɗanda ake kira 'yan ruhaniya, sun ƙi yarda a ajiye hatsi da ruwan inabi a rumbuna, suna ganin ajiya rashin dogara ga Allah ce. Sun kuma nace wa gajerun riguna masu faci. A 1317 Yohanna na 22 ya ba da umarni cewa shugabanni ne za su yanke batun riga da na rumbu, yana mai cewa biyayya ta fi talauci. Huɗu daga cikin waɗanda suka ƙi sauka aka ƙone su a birnin Marsai a watan Mayu 1318. Babu hujjar da za ta wanke wannan kisa. Amma ka ɗauki koyarwarsu ka kawo ta ƙasar Kazaure ka gani. Damina ɗaya muke da ita, wata uku ko huɗu. Abin da manomi ya girbe na gero da dawa da wake shi zai kai shi wata kakar. Wanda bai cika rumbu ba a watan Nuwamba zai sayi hatsi da tsada a watan Yuli, ko ya ci bashin da zai biya da amfanin gonarsa tun bai nuna ba. A nan rumbu ba alamar rashin bangaskiya ba ne. Yusufu ma rumbuna ya gina a Masar. Mai arzikin Luka 12 ba gina rumbu ne ya hallaka shi ba, sai dai ya tara wa kansa shi kaɗai bai yi tanadi a wurin Allah ba. Koyarwar da aka haifa a biranen Italiya, inda kasuwa take ci kullum kuma akwai attajiran da za a buga wa ƙofa, ba ta san yunwar bazara ba.

Rauni na uku shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na mai koyar da masu shirin hidima. Faransis ba shi da mata ba shi da 'ya'ya. Ƙa'idar ma a babi na 2 ta shardanta cewa mai shiga ya kasance ba shi da mata, ko kuwa matar ta shiga gidan zuhudu, ko ta ba shi izini bisa sharuɗɗa. Wato Faransis ya gane cewa ba a ɗaukar wa wani wa'adi. Kafin shi, Bitrus Waldo, attajirin birnin Liyon da ya rabar da dukiyarsa wajen 1173, sai da ya bar wa matarsa kadarori ya kuma yi wa 'ya'yansa mata biyu tanadin wurin zama. Kilara ta Asisi da kanta ta zaɓi talauci, ta yi ta fama da fadar Roma a kansa har aka amince da ƙa'idarta a watan Agusta 1253, kwana biyu kafin ta rasu. Waɗannan duka sun zaɓa. Mai bisharar da aka tura wani ƙauye wajen Babura yana da mata da 'ya'ya biyar. Sa'ad da aka ce masa ya yi haƙuri da watanni uku ba albashi domin ladansa yana sama, wa ke biyan kuɗin wannan haƙuri? Matarsa ce, wadda take surfen wasu don ta sami tsaba. 'Yarsa ce, wadda aka koro daga makaranta. Ba wanda ya tambaye su. Bulus ya ce sauran manzanni suna tafiya da matansu, 1 Korintiyawa 9:5, ya kuma ce a aya ta 14 Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara. Shi Bulus ya yafe wannan haƙƙi, ya yi ɗinkin alfarwa, amma shi ya yafe, ba ikilisiyar Korinti ce ta yafe masa ba. Ga kuma 1 Timoti 5:8 da kakkausar maganarta a kan wanda bai kula da iyalinsa ba.

Muna da namu gādon a wannan fanni, kuma gādo ne mai daraja. Mishan ta SIM, wadda ta faro da zuwan Gowans da Kent da Bingham a 1893, ta bangaskiya ce, ma'aikatanta sun fito suna dogara ga abin da Allah zai tanada. Biyu daga cikin ukun nan sun rasu a ƙasar nan a 1894. Daga baya mishan ta zauna a Roni tun zamanin mulkin Turawa. Ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa da aka kafa a 1948, wadda yanzu ake kira EMS, ta aika da iyalai da suka shiga ƙauyuka da fartanya a kafaɗa, suna noma suna wa'azi. Ba mai raina wannan sadaukarwa sai wanda bai san tarihi ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da sadaukarwar iyayenmu hujjar rowar 'ya'yansu. Ɗan attajirin Asisi yana da abin da zai tuɓe. Wanda ya tashi a gidan da ba a ƙoshi ba, idan ka yi masa wa'azin talaucin son rai, sunan talaucinsa kawai ka sauya.

Sai bara. Faransis a Wasiyyarsa ya sa aiki a gaba, ya ce shi ya yi aiki da hannunsa, yana so 'yan'uwa su yi, bara kuwa sai in ba a biya su ladan aiki ba. Bayansa aka juya lissafin, bara ta zama sana'ar ƙungiyar, har a 1256 Wiliyam na Sant-Amur, malami a Faris, ya kai musu hari da hujjar cewa mai lafiya ba shi da izinin cin gumin wasu. Mu a ƙasar Hausa ba sai an yi mana bayanin wannan muhawara ba. Mun tashi muna jin muryar almajiri a ƙofar gida da magariba, mun kuma san cewa maƙwabtanmu Musulmi suna tattauna batun a tsakaninsu, wasu malamansu suna cewa neman ilimi daban, bara daban, ga gardawa da yawa da suke riƙe kansu da ɗinkin hula da ƙwadago. Abin lura ɗaya ne a can da nan: kwanon mai bara yakan ƙare ne a ƙofar talaka, domin ƙofar mai kuɗi tana da maigadi. Martin Luta, wanda shi ma daga ƙungiyar masu bara ya fito, ya goyi bayan tsarin garin Laisnik na 1523, inda aka hana bara aka kafa asusu guda na jama'a, daga ciki ake biyan fasto da malamin makaranta, a kuma taimaki marayu da gajiyayyu. (Abin mamaki, wanda ya fara buga bayanin tsarin lissafin shiga da fita da ma'ajinmu suke bi, a 1494, Luka Facoli, ɗan ƙungiyar Faransis ne. Mutanen da aka hana taɓa kuɗi sun ƙare suna koya wa duniya ƙirga su.)

Toma Akwinas, ɗan ƙungiyar Dominik wadda ita ma ta masu bara ce, ya koyar cewa talauci kayan aiki ne, kammala kuwa tana cikin ƙauna, don haka ana auna talauci da aikin da aka sa a gaba. Na yarda da shi a nan. Idan haka ne, abin da majalisar dattawa za ta tambaya ba shi ne ko mai bishara yana son kuɗi ba. Za ta tambaya buhu nawa na hatsi gidansa yake ci daga kaka zuwa kaka, nawa ne kuɗin makarantar 'ya'yansa, wa zai biya in matarsa ta kwanta asibiti a Kazaure, sa'an nan ta duba baikon godiya na kaka ta ga ko ya kai. In bai kai ba, ikilisiyar birni da ta aike shi ita za ta cika, kuma a rubuta a littafin da kowa zai iya dubawa, shafi ɗaya da wanda aka rubuta kuɗin man motar shugaba.